Ranar da Aka Ka da Yaya Bello

A Gwandu, bayan sallar magariba, gindin murhun kakarmu Inna Dije muke taruwa. Tana gasa mana dankali a toka, tana ba mu tatsuniya. Amma wata maraice bayan girbi babu wanda ya miƙa hannu ga dankalin. A ranar wani siririn saurayi daga Dalijan ya ka da yayanmu Bello a filin kokawa, Bellon da yake ɗaga buhun shinkafa kamar matashin kai. Tun daga filin, yara ke bin mu da ihu. Ni kam ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Bello ya shige ɗaki ya ƙi fitowa.

Inna ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba. "Ku matso, wagga tatsuniya daga gulbi ta fito."

Wai masunta biyu ne ambaliya ta kife wa jirgi. Babbansu ƙato ne, ya yi ta dukan ruwa yana kokawa da shi har hannuwansa suka mutu, ruwa ya tafi da shi. Ƙaramin ya kama reshen giyayya. Tururuwa na cizonsa, sanyi na cinsa, mutanen gaɓa na dariyar yadda ya maƙale kamar biri, bai saki ba har ruwa ya janye.

"Wa ya fi ƙarfi?" in ji Inna.

Muka ce ƙaton.

"Awo. To wa ya koma gida ya ci tuwo?"

Daga ɗaki muka ji Bello ya yi gyaran murya. Da safe ya fita kasuwa, ana nuna shi da baki, bai sauya hanya ba.

Yanzu Turanci nake koyarwa a Kalgo. Bara aka ba wani tsohon ɗalibina shugabancin makarantarmu, aka tsallake ni. Na kwanta na ce zazzaɓi ne. Da na koma aji, wata ɗaliba ta kawo min kalmomin Turanci biyu, ta ce, "Malam, duka ƙarfi aka fassara su. Ina bambancin?"

Na ce ɗaya na mai ɗaga kaya ne, ɗaya na wanda kaya ya danne bai fashe ba. Ina faɗa ina jin kunya, don na san wanne ne ba ni da shi. Da aka tashi, na nufi ofishin sabon shugaban da nake ta kauce wa, na yi sallama.