Na'urar Ramatu da Lallen Matan Gangara

Babu abin da ke ɗaukaka al'umma kamar a ce ilimi ya sauko daga jami'a ya shiga motar haya. Na shaida haka a zamanin riƙon ƙwarya, ana ta shirin zaɓe, da Ramatu, tsohuwar ɗalibata a lakol, ta roƙe ni rakiya Gangara. Bincike take yi kan wata 'yar na'ura da ake maƙala wa yatsa: haske ya ratsa, ta faɗi ƙarancin jini ba tare da allura ba.

Gidan Rumji zuwa Agye

Muka tashi bayan asuba, Ramatu rungume da akwatin na'urar kamar jinjiri. A shingen Agye jandarma ya leƙo.

"Akwatin ƙuri'a ne?"

"Na jini ne, ranka ya daɗe."

"Duk ɗaya. Ku wuce."

Gazawa

Nan muka ci tsire mai ƙuli, muka hau kabu-kabu. Rairayi ya kayar da ni, da ni da Faransancina.

Gangara

Tun mako guda aka yi shela baƙi na tafe, mata masu ciki su hallara. Su kuwa, don girmama baƙi, suka kwana da lalle. Ya kama har ya yi baƙi ƙirin.

Cikinsu akwai Hajo, ciki wata takwas, tana haki ko a zaune. Mijinta Ilu ya riga ya yanke hukunci: a gida za ta haihu, sai fa in na'ura ta ce a'a.

Aka maƙala mata. Shiru. Aka sake yatsa, har na ƙafa. Haske ya kasa ratsa lallen.

"Ba ta so ba ne?" in ji Hajo, tana ɓoye hannu. "Don ku na sa."

"Ya yi kyau, ƙanwata," Ramatu ta ce.

Ilu ya yi dariya, ya kira ni da laƙabin malaman lakol. "Mushe, abin naku kunyar mata yake ji?"

Ramatu ta kama yatsansa ta maƙala. Nan take lamba ta fito. Sai ta ja fatar idonsa ƙasa: jawur. Ta ja ta Hajo: fari fat.

"Ka ga naka, Malam Ilu. Ga nata."

Ya daɗe yana duba idon matarsa, kamar yau ya fara ganin sa. Sai ya ce a ɗaura wa sa amalanke a kai ta likita.

Komawa

A likitar Gazawa aka soki Hajo da allura irin ta kowa, aka tura ta Maradi ƙarin jini. Mun bi mota ɗaya. Na iso gida da la'asar washegari, ina gode wa Allah da mutanen Gangara da furarsu.

Hajo ta sauka lafiya, an samu ɗiya. Na'urar kuwa mutum ɗaya ta auna a Gangara, shi ma lafiyarsa lau.