Dokta Ernest da Matar Cikin Kaset

Ernest bai taɓa shiga makarantar likita ba, ko da don fakewa daga ruwan sama, amma duk unguwar Television Dokta ake ce masa, shi kuwa bai taɓa gyara wa kowa ba. Daga wani ƙauye kusa da Zonkwa ya zo Kaduna yana saurayi, ya yi shekaru a masaƙa yana tura dilolin auduga. Da aka rage ma'aikata sai ya buɗe kemis a bakin titi, ya ɗinka farar riga mai manyan aljihuna. Farar rigar nan ita ta ba shi digirin.

A yi masa adalci, ba mugu ba ne. Allurarsa ba zafi, ya san sunan ɗan kowa, kuma idan tsohuwa ta zo da ciwon gwiwa sai ya ba ta kujera, ya tambayi jikokinta ɗaya bayan ɗaya kafin ya ɗauko man zafi. Shi ya sa da sojoji suka ce za su koma bariki, aka shiga kafa jam'iyyu, mutanen unguwa da kansu suka fara ce masa, "Dokta, ai kai ne kansilanmu." Yakan ɗaga hannu ya ce, "Sai abin da Ubangiji ya nufa." Amma ya so kujerar nan har cikin ɓargonsa. A gida ya riga ya auna bangon da zai rataye hotonsa na rantsuwa.

Mutum ɗaya ne ya tsaya masa a hanya: Nicholas, malamin sakandare, wanda shi ma yake neman tikitin jam'iyyarsu. Nicholas ba ya da farin jini, ko dariyarsa kamar ta mai duba jarrabawa take. Sai dai yana da Turanci. A taron farko na mazaɓa ya zuba shi kamar famfon da ya ɓalle. Ernest ya miƙe don ya rama, ya yi tuntuɓe a tsakiyar jimla, wasu samari a baya suka tuntsire. Kafin mako ya zagayo kowa ya manta, ban da Ernest.

Ya je Kasuwar Barci neman kwat ta gwanjo, sai ya tsaya a rumfar Malam Usman mai tsofaffin rediyo, ya ga wani kwali cike da kaset-kaset, da 'yar rikodar aljihu mai igiyar kunne.

Malam Usman ya ce, "Dokta, kada ka ce na cuce ka, wannan ba waƙa ba ce. Wata Baturiya ce, ta faɗi kalma ta yi shiru, ta faɗi ta yi shiru. Da farko na ɗauka rikodar ce ba ta da lafiya."

Ernest ya sa a kunne, ya saurara. Matar takan faɗi abu da Turanci, ta faɗe shi da Faransanci, ta bar fili a maimaita, sannan ta ce madalla da yarenta.

"Shirun nan ai na mai koyo ne, Malam Usman. Faransanci ke nan."

"Faransanci? To me ya kai ka kaset? Ga 'yan Nijar masu ga-ruwa nan birjik, ka zauna da su ka sha shayi ka koya."

"Wancan na ga-ruwa ne. Ni na asali nake so."

A unguwa ya yi bayani mai kyau. Ya ce mulkin farar hula zai buɗe ƙofofin duniya, kansila na zamani sai ya iya zama da Turawa ya roƙo wa jama'arsa rijiyar burtsatse. Abin da ya faɗa ke nan. Amma me ya hana shi sayen kaset na Turanci, tunda nan ne ƙafarsa ta gurɗe? Domin sayensa amsa laifi ne, kuma kome ya koya Nicholas zai iya zama a gefe yana ba shi maki. Faransanci kuwa gona ce da babu mai shiga ya ce masa kunyarsa ta karkace. Dalilin da ya sa ya guji masu ga-ruwa ma ke nan, su za su iya ganewa. Ba yare Ernest ya saya ba, wurin da ba a yi masa dariya ya saya. Ga kuma malamar da ko tari ya yi a cikin shirun nan sai ta ce masa madalla.

Ya koyi sunan cuku iri-iri. Ya koyi yadda ake neman ɗaki mai kallon teku, da yadda ake ƙorafi idan jirgi ya makara. Ya san sunan ƙanƙarar da ke zuba daga sama a ƙasar da bai san inda ta dosa ba. Da safe yakan zauna a ƙofar kemis, igiya a kunne, ido a sama, yana gaida matar kaset da fara'a, yana tambayarta lafiyar iyalinta.

A daidai lokacin ne Baba Filibus, dattijon ikilisiya, yakan wuce da sandarsa.

"Ina kwana, Dokta?"

Ernest ya ci gaba da motsa leɓɓa.

"Dokta, an tashi lafiya?"

Ernest ya ɗaga masa yatsa ɗaya, wato dakata, ana tsakiyar darasi. Tsohon da ya zame masa uba ranar aurensa ya tsaya riƙe da gaisuwarsa kamar mai tallar da aka ƙi tayawa, sannan ya wuce. Tsofaffin mata masu ciwon gwiwa suka ga yanzu man zafi kawai ake miƙo musu, ba kujera, ba tambayar jikoki.

Matarsa Vicky ta gaya masa a fili. "Baban Lizzy, wannan matar taka ta cikin kaset, a wace mazaɓa ta yi rajista?"

"Ke ba ki gane siyasar zamani ba."

"Na gane ta gaisuwa. Jiya Maman Ben ta gaishe ka, ka amsa wa Baturiya."

"Mutanen nan nawa ne, Vicky. Wa ya yi wa 'ya'yansu allura? Ina za su?"

Nan ne ainihin ciwon. Ya riga ya zuba mutanen unguwa a aljihu tare da batir, ya ɗauka za su jira shi kamar yadda kaset ke jira idan an danna.

Ana saura kwanaki kaɗan zaɓen fid da gwani, mijin Mama Eunice ya rasu. Mama Eunice ita ce shugabar Zumuntar Mata ta coci, kuma a Television idan ta ɗaura ɗankwali ta nufi gabas, rabin unguwa gabas za ta yi. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka jera benci. Nicholas ya zo tun da safe, ya zauna ƙyam kamar an dasa shi, bai ce kome ba sai "yaya haƙuri", amma ya wuni.

Ernest ya zo da la'asar. Yana shirya jawabin da zai buɗe da Faransanci ranar zaɓe, kuma a ganinsa wuni guda a kan benci asara ce. Sai ya sa rikodar a aljihun ciki, ya bi da igiyar ta ƙarƙashin kaftani, ya ja hular sanyi ta rufe kunnuwa. Ya durƙusa gaban Mama Eunice a gurguje, ya sami wuri, ya sunkuyar da kai, ya rufe ido, leɓɓansa na motsi.

Wata mata ta taɓa ta kusa da ita. "Dubi Dokta, bawan Allah. Tun da ya zauna addu'a yake."

Fasto ya miƙe ya ce kowa ya yi shiru, a tuna da marigayi a zuci. Rumfa ta yi tsit. Cikin wannan tsit ɗin kaset ya kai ƙarshe, rikoda ta yi ƙas! Hannun Ernest kuwa ya saba, bai jira izinin kansa ba. Ya zaro ta daga aljihu, ya buɗe, ya juya kaset. Sai da ya ɗago ya ga idanu.

Mama Eunice ba ta ɗaga murya ba. "Dokta, an gama gefe ɗaya? Danna mata, kada ta jira ka. Namu ba ya sauri, ya riga ya tafi."

Ranar zaɓe aka taru a filin firamare. Ƙato bayan ƙato za a yi: ɗan takara ya tsaya a gaba, masu sonsa su jeru a bayansa, kowa na ganin kowa. Aka ba 'yan takara dama su ce wani abu. Ernest, cikin kwat ɗin Kasuwar Barci, ya buɗe hannuwa ya gaida jama'a da Faransanci, ya dakata, kamar yadda aka koya masa, don a amsa. Babu madalla. Daga baya wani ya ƙwala, "Dokta, juya kaset!"

Ernest ya tsaya a wurinsa, ya ba jama'a baya, yana sauraron takun ƙafafu. Ya ji su da yawa, sai dai duk gefe suke yi. Matan Zumunta cikin zanensu iri ɗaya suka bi bayan Nicholas, ba don suna sonsa ba. Baba Filibus ya ja sandarsa ya bi su. Da Ernest ya waiga, ya ga Vicky, da ƙanenta Monday, da wasu 'yan tsiraru da inuwar mangwaro ɗaya ta rufe su har da saura.

Da aka watse, Mama Eunice ta ratso fili cikin baƙaƙen kayanta, ta tsaya gabansa, ta ɗan rusuna yadda ake yi a gidan rasuwa.

"Sannu, Dokta. Yaya haƙuri?"

Ta yi shiru, ta bar masa fili.

Ya ce, "Haƙuri sai godiya, Mama."

"Madalla," in ji ta, ta wuce.

Har yau idan ka bi ta gaban kemis ɗin za ka gan shi da igiya a kunne, ido a sama, leɓɓa na motsi. Masu wucewa kan ce wa juna har yanzu Dokta na shirin tafiya neman rijiyar burtsatse. Vicky ce ta gaya wa maƙwabta cewa tun ranar zaɓen ta cire batir ɗin ta sa a tocila, kuma bai taɓa tambayarta ina suke ba.