Dadda Yidir da Hanyar da Na Kira Matsakaiciya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Alhamis, sha bakwai ga Afrilu, bayan la'asar, aka kira ni daga ƙauyen Imlil aka ce Allah ya yi wa Dadda Yidir Ait Mbarek rasuwa. Shekara arba'in yana yi wa baƙi jagora a duwatsunmu.

Dadda, ni ce yarinyar ofishin yawon buɗe ido na Marrakesh, mai digirin ilimin ƙasa, wadda ke raba hanyoyin da kake bi gida uku a takardar talla: mai sauƙi, matsakaiciya, mai wuya. Daga taswira nake aunawa, ina zaune a ƙarƙashin fanka. Kai kuwa ma'auninka alfadari ne. In ya wuce da kayansa, hanya ce. In sai an sauke masa, a yi tunani.

Ranar da na fara hawa tare da kai na yi amai sau biyu. Ka ba ni goran ruwa da shayi, ka gaya wa baƙi wai tsirrai na tsaya dubawa. Ba ka taɓa ta da zancen ba.

A watan Maris ka buga min waya game da hanyar mashigar kwarin Azzaden.

"'Yata, wa ya rubuta matsakaiciya?"

"Taswira, Dadda."

"To, ki ce wa taswirar ta zo ta hau a Afrilu. A lokacin ƙanƙara ba ta narke ba."

Na yi dariya, na bar kalmar, don baƙi suna gudun "mai wuya". Wasu dattawa biyu suka yarda da rubutuna, suka zo, suka kasa a tsakiyar ƙanƙara. Ka ɗauki jakunkunansu a kan taka, ka sauko da su lafiya. Kwana uku ka yi a kwance. Likita ya ce zuciyar ta daɗe da gajiya, liman ya ce ajali. Na yarda da su duka, amma ni na rubuta kalmar.

Na faɗa wa matarka, Lalla Ijja, a wurin zaman makoki. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Kin gyara?" Na ce na gyara. Ta matso min da kwanon abinci.

Allah ya jiƙanka, Dadda, ya yalwata kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Lalla Ijja, da ɗanka Bihi, da 'yarka Tlaytmas, da dukkan jagororin Imlil. Allah ya ba su haƙuri, ni kuma ya yafe min.