Hannun da Na Ƙi Karɓa

Babana bai taɓa rasa jana'iza ba, a garinmu ko a ƙauyukan da ke kewaye da mu. Ko yana tsakiyar noman hatsi, in aka ce wane ya rasu, sai ya jingine hauya ya kama hanya. Shi ne kan gaba wajen haƙa kabari a wannan ƙasa tamu ta Adar, inda dutse ya fi ƙasa yawa. In muka ce ya huta haka nan, ya tsufa, sai ya ce shi bai tara shanu ba, bai gina soro ba, abu ɗaya yake roƙon Allah: ranar da za a kai shi, sahu ya yi yawa.

Ni kuwa malamin lakwal ne, wato makarantar boko, kowa Mushe yake ce mini, yadda ake kiran malami da Faransanci. Shekarar da korona ta zo aka rufe lakwal, aka kira mu zuwa garin Keita, aka zaunar da mu kwana biyu ana koya mana wanke hannu, mu da muke alwala sau biyar a rana. Aka ba mu riga mai rubutu a baya, da takunkumin rufe hanci, da bokitai masu famfo, aka ce mu ne kwamitin wayar da kai. Ba don riga na yi ba. Na yarda da maganar har cikin zuciyata. Na ji a rediyo yadda mutane ke mutuwa a ƙasashen da suka fi mu komai, na kuma san gidan likitan garinmu ko gadon kirki babu. Sai na bi unguwa unguwa ina cewa a daina taro, a daina musabaha, a ɗora hannu a ƙirji ya wadatar.

Tambaya ɗaya mutane suke yi mini: don me aka rufe masallacin Juma'a, kasuwa kuwa tana ci, ana ture juna a rumfar albasa? Sai in kama kame-kame. Amsar na san ta sarai. A kasuwa ana yanka tikiti, a masallaci ba a yanka. An rufe iyaka ga 'yan cin rani, ƙanena ya maƙale a Kurmi, amma motocin manya ba su fasa wucewa da kaya ba. Na ga duk wannan, na haɗiye, na ce ai gyara ba ya zuwa gaba ɗaya.

A cikin wannan hali Baba ya rasu, da hantsi, na ciwon cikin da ya daɗe yana fama da shi. Kafin azahar labari ya gama ƙauyuka. Mutane suka fara ɓullowa ta kan duwatsu, wasu a ƙafa, wasu a kan jakuna, wasu uku uku a kan babur. Abin da ya roƙa ke nan yana tahowa da ƙafarsa. Ni kuma na sa takunkumina na tsaya a bakin lungunmu. Na ce a raina, in na bar taro yau don ubana ne, da wane baki zan hana na wani gobe? Na riƙa mayar da su ɗaya bayan ɗaya, ina ba da haƙuri.

Sai ga aminin Baba, wani tsoho daga ƙauyen bayan dutse, wanda suka yi ta haƙa kaburbura tare tun suna samari. Da ƙafa ya zo, da sandarsa. Ya maƙale sandar a hammata, ya miƙo mini hannu biyu. Na ɗora nawa a ƙirji.

Ya ce, "Mushe, ni na hwa. Ni da ubanka munka gina kushewar kakanka."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri, an hana."

Ya dubi hannuwansa kamar ya ga wani datti a kansu, ya goge su a riga. Ya ce, "To. Allah shi jiƙan shi." Ya koma gindin wani gawo can nesa ya tsaya. Daga nan ya kalli sallar da muka yi. Sahu ɗaya ne, shi ma bai cika ba.

Bayan kaka aka shiga kamfe. Wani ɗan takara ya zo garinmu, aka yi ta jido mutane daga ƙauyuka a cikin manyan motoci, an cusa su kamar buhunan albasa. Filin idi ya cika maƙil, ga makaɗa, ga mata suna guɗa. A kan kujerun gaba na hango mutumin nan da ya koya mana wanke hannu, fuskarsa a buɗe, yana tafi. Bokitanmu masu famfo kuwa an jera su a inuwa, an cika su da zoɓo ana shayar da baƙi. Ɗan takarar ya bi layin dattawa yana kama hannun kowa da hannu biyu yana girgizawa.

Wani maƙwabcina ya zungure ni ya ce, "Mushe, cutar taku ta tahi cin rani ne, ko ita ma ta shiga jam'iyya?" Aka fashe da dariya. Ni ban yi ba.

Har gobe ba na cewa cutar ƙarya ce, na san wanda ta kashe. Abin da ke ci mini rai shi ne, waɗanda suka kafa dokar sun san ranar da za su ajiye ta. Ni ne wawan da ya riƙe ta tsakani da Allah, kuma ubana ne ya biya.

Washegarin taron na hau dutse na tafi ƙauyen tsohon. Na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Na cire takalmi, na durƙusa, na miƙa masa hannu biyu. Ya amsa sallamata da kyau, ya tambayi lafiyar innata da ta yara. Sannan ya ajiye igiyar, ya ɗora hannunsa a ƙirji.

Ya ce, "Mushe, ai an hana."

Shekaru sun wuce, an manta da takunkumi, kowa yana musabaha da kowa. Muna haɗuwa da shi a kasuwa da wajen jana'izar mutane. Har yau bai ba ni hannu ba.