Ɗakin da Dabo Magini Ya Toshe

Dabo ya gaji gini a hannun mahaifinsa Mainasara, a wani tsohon gari mai ganuwa da ke ƙasar Daura, can wajen Sandamu. Ganuwar ta daɗe da zubewa, gonakin gero sun cinye ta. Abin da ya rage a tsaye shi ne Ƙofar Marke, doguwa kamar zaure, da rufin azara, kaurin bangonta ya fi tsawon mutum. Gidan su Dabo ke da yaɓenta tun kakanni. Duk shekara bayan girbi sai ya kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta ruɓa, ya hau tsani ya cike tsagogin da damina ta bari. Ba wanda ke sa shi. Gajere ne, marar yawan magana, kullum da goro a kunci. Matarsa Talatu takan ce ya fi sanin fuskar bangon nan da ta 'ya'yansa.

Yana da shekara hamsin da biyar aka yi wani ruwa na kwana biyu, wani sashe na bangon ciki ya rufta. Da hantsi ya je duba ɓarna. Yana kwashe ƙasa sai hannunsa ya zurma cikin sarari. Ya faɗaɗa ramin, ya haska da fitilar wayarsa. Ɗan ɗaki ne a cikin bangon, ba ƙofa, ba taga, kuma mahaifinsa bai taɓa ambatonsa ba.

Ya sunkuya ya shiga. Ga tabarmar kaba a shimfiɗe, ga tulu a kusurwa an rufe da faifai. Da ya haska ƙasa sai ya ga sawun tsintsiya, sabuwar shara, ko yanar gizo babu. Ya ɗaga faifan ya tsoma yatsa. Ruwa ne har wuya, sanyi ƙalau. A waje babura na wucewa, amma a nan ciki yana jin su kamar daga ƙasan rijiya. Ya mayar da faifan yadda ya same shi, ya fito da baya.

Mai unguwa Nagoggo ne Dabo ya fara faɗa wa, shi kuma ya kira liman. Liman ya ce ya ji labarin masu tsaron ƙofa da ke rufe ta da magariba a zamanin hare-hare, amma bai taɓa jin ɗaki a cikin bango ba. Ya ce bayin Allah da yawa suke, wanda bai taɓa ka ba kada ka taɓa shi. A yi addu'a a toshe. Nagoggo ya ƙara da cewa kada zancen ya fita, don kada samari su cika wurin da ɗaukar hoto.

Washegari bayan azahar Dabo ya tsinci tsofaffin tubalan da suka zubo ya shiga jerawa, shi kaɗai. Sai da ramin ya rage kamar tafin hannu ya ji muryar dattijo daga ciki, a natse, dab da fuskarsa.

"Sannu da aiki, ɗan Mainasara."

"Yauwa, sannu Baba," bakinsa ya amsa kafin hankalinsa ya dawo.

Ya liƙe ramin, ya shafe, ya wanke hannu ya tafi gida. Kwana shida ya yi kwance da zazzaɓi, Talatu tana cewa ruwan da ya doke shi ne.

Bai bar yaɓen ba. Shekara goma sha biyu ya ƙara yana yi, sai dai ba ya jingina tsani sai ya yi sallama, kuma bai sake ratsa ƙofar ba. In zai fita gona sai ya zagaya ta inda ganuwa ta karye. Mutane suka ɗauka rikicin tsufa ne. Da ƙungiyar ci gaban gari ta zo da maganar fasa bangon ciki a zuba siminti, ya tsaya ƙyam ya ce sai dai a fara da shi. Ba su taɓa ganin ya ɗaga murya ba, suka haƙura.

Bara gwiwa ta kwantar da shi. 'Yarsa Zaituna ta zo daga Mashi jinya, ya kwashe labarin duka ya faɗa mata, sannan ya bar wasiyya: in ya cika, kada a bi da makararsa ta Ƙofar Marke, ko da yake ita ce hanyar maƙabarta.

"Baba, tsoron me za ka ji bayan an yi maka sallah?"

Ya girgiza kai.

"Ba tsoro ba ne. Na amsa masa sau ɗaya. Ba na so ya kira ni lokacin da zan iya ganinsa."

Ya rasu cikin watan azumi, ana tsananin zafi. Ƙannensa suka so bin gajeriyar hanya, Zaituna ta aika wa Nagoggo daga cikin gida. Tsohon ya fito da sandarsa ya shige gaba, masu makara suka bi shi ta cikin gonaki, ƙafafunsu na nutsewa a yashi mai zafi.