Kawu Isiyaku da Wuyan Hannun Mutane

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Kawu Isiyaku hannu ya san gaisuwarsa ba a tafin hannu take tsayawa ba. Kana miƙawa zai zarce ya kama wuyan hannunka, ya ɗora yatsu biyu a kan jijiya, ya zuba wa agogonsa ido. Ka yi ta "lafiya lau, alhamdulillahi", shi ko yana ƙirga bugun, sai daƙiƙa goma sha biyar ta cika ya ninka da huɗu, sannan ya gaya maka ko lafiyar ce ko ba ita ba. Ya kan ce baki yana jin kunyar mutane, jijiya kuwa ba ta jin kunyar kowa.

Ƙanin mahaifiyata ne, kuma malamina a sashen ilimin motsa jiki na jami'a a nan Keffi, wato gida da makaranta ba ni da maɓuya. Ni kuwa gudu shi ne kaɗai abin da na iya a duniya. Na mita dubu da ɗari biyar nake yi, burina kuma guda ɗaya ne, in shiga gasar jami'o'i kafin in gama karatu. Takardar sunayen masu zuwa Kawu ne yake sa mata hannu. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

A lakcarsa ta farko abu ɗaya yake koyarwa, yadda ake jin bugun jijiya. Da manuniya da ɗan tsakiya ake yi. Wanda ya sa babban yatsa sai ya ji igiyar usur a bayan hannunsa, kuma ni na fi kowa shan ta.

"Babban yatsa yana da nasa bugun," in ji shi. "In ka sa shi, kanka kake ji, kana zaton wani ne. Rabin rigimar duniya daga nan take."

Ba a aji kaɗai ya tsaya ba. Akwai wani ɗaurin aure a unguwar Liman Abaji, da yawanku kuna wurin. An zauna, ga goro ga alewa, liman yana gyara murya, sai tsautsayi ya sa ango ya rarrafo gaishe da manya. Kawu ya riƙe shi. Har liman ya dakata. Da ya gama ya saki hannun ya ce, "Ɗari da ashirin. Wannan ko so ne ko tsoro. Ku ɗaura, maganinsu ɗaya." Aka ɗaura. Yanzu 'ya'yansu biyar.

Sai maganar iyo. A zamaninmu kwas ɗin iyo wajibi ne, tafkin da za a koya kuwa babu. Wani malamin da allo da alli zai sallami mutane, amma ban da Kawu. Ya sa muka jera bencina a filin wasa, kowa ya kwanta rubda ciki, ya hura usur, muka kama iyo a cikin rana, awakin masu gadi suna kallonmu. Ranar jarrabawa ya kayar da wani ɗan ajinmu, Bulus, wai ya ja numfashi alhali fuskarsa tana cikin ruwa, saboda haka ya nutse. Bulus ya bi shi har ofis.

"Malam, a kan benci fa nake."

"Shi ya sa kake da ran zuwa ƙorafi."

Bulus ya maimaita kwas ɗin. Yau a wani otal a Abuja yake aiki, yana koya wa 'ya'yan manya iyo a ruwa na gaske, kuma har gobe bai yafe wa bencin ba.

Abin hawa kuwa kun sani, Kawu ba ya shiga. Daga gidansa a Tudun Ƙofa zuwa makaranta a ƙafa yake zuwa, da kambas ɗinsa guda ɗaya da mai gyaran takalma na Sabon Gari ya ɗinke har ya rasa inda zai soka allura. Yana da tsohuwar mota, amma aikinta kawai a tayar da ita ranar Asabar ta ɗumama jiki minti goma a kashe, don a cewarsa ko inji bai kamata ya zauna haka nan ba. In za su biki sai ya tare wa matarsa, Inna Talatu, keke napep, shi ya bi ta a baya yana kaɗa hannuwa. Sau da yawa ya riga ta isa. 'Yan acaɓa sun daina yi masa hon, sai dai su ɗaga masa hannu daga nesa, daga nesan ma don kada ya kama.

To, mu koma kan takardar nan. Ina aji uku na zo na ɗaya a gwajin fitar da gwanaye. Washegari da safe na je gaishe shi ina ta fara'a, na miƙa hannu. Daƙiƙa goma sha biyar ta wuce bai saki ba. Minti ɗaya ya cika bai saki ba. Ya karɓi ɗaya hannun. Sannan ya zaro takardar daga aljihu, ya ja layi a kan sunana a gaban idona, ya ce jijiyata tana tsallake, ba zan yi gudu ba.

Na ce ni ne na ɗaya. Ya ce ya gani, shi ya riƙe agogon. Na ce lafiyata ƙalau. Ya ce wannan baki ne. Gaskiya ranar na tsani Kawu, kuma ban ɓoye ba, na gaya masa baƙin ciki yake yi mini don shi bai taɓa cin ko kofin shayi a gasa ba. Ya fita ƙofar gida ya ɗaga hannu ya tare keke, ya tura ni ciki, sannan ya naɗe rigarsa ya shigo ya zauna kusa da ni. Mai keken ya waiwayo sau biyu. Mai shayin bakin layi ya bar ruwa yana zuba ya fito kallo. A nan ne tsoro ya kama ni.

A asibiti aka manna mini wayoyi a ƙirji, aka sake tura mu wani gwajin a Abuja. Likita ya ce naman zuciyata ya yi kauri, irin wanda yake kayar da matasa a tsakiyar fili ba sa tashi. Tafiya an yarda, gasa kuwa babu har abada. Na yi kuka a gaban mutane. Kawu ya jira na gama, ya ce yanzu sai in mai da hankali in koyi riƙe agogo, don masu gudu sun yi yawa, masu ƙirge ne babu. Shekara biyu ina gaishe shi hannuwana a aljihu. Bai taɓa tambayar dalili ba, wuyana kawai yake kallo, ashe can ma akwai jijiya.

Yau ni nake koyar da ajin nan na farko, usur ɗinsa ne a wuyana.

Bara da ya kwanta ciwo, wata Laraba bayan la'asar, ina zaune gefensa, Inna Talatu tana masa fifita. Sai ta dakata ta dube ni. Na kama wuyan hannunsa da sauri, na kuwa ji bugu, tar, ba tsallake. Na ce mata yana nan, barci ne. Har na fara ƙirge na duba hannuna, sai na ga babban yatsa na sa. Na gyara, na ɗora yatsu biyu yadda ya koya mini, na jira minti ɗaya cur. Bugun da na ji ɗazu nawa ne, wanda Kawu ya hana ni kaiwa fili in zubar.

Allah ya jiƙan Kawu Isiyaku, ya yafe masa kurakuransa, ya yafe mini maganar da na gaya masa ran nan. Ya yi tafiya mai yawa a ƙafa, Allah ya sa ya isa gida ya huta. Amin.