Wayar Ladi

Har gobe ban manta da wata ranar kasuwa ba, lokacin ina ungozoma a ƙaramin asibitinmu na wajen Tsanyawa. Ku sababbi ba ku tarar ba, amma a da mu kaɗai ke da sola a yankin, kowa nan yake kawo cajin waya. Ƙa'ida ita ce a manna filasta a bayan waya, a rubuta sunan mai ita. Ni ke rubutawa, don sai da na yi jika na shiga yaƙi da jahilci, ba na bar wa kowa biro.

Bayan la'asar sai ga Malam Sani, mijin wata Ladi mai zuwa awo, yana huci. Ya kunna waya gaban shugaban asibiti, sai karatun Linjila da Hausa.

"Wa ya sa wa iyalina wannan?" Ya nuna Sista Rifkatu, ita kaɗai ce Kirista cikinmu. "Awo aka kawo ki yi ko wa'azi?"

Mutane suka fara taruwa. Shugaba ya ce Sista ta tafi gida sai an bincika. Na san in ta fita a haka, ba ta dawowa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ba inda za ta. Malam, wa ya miƙa maka wayar?"

"Ni na ɗauka. Ga shi an rubuta Ladi."

"To, matarka kaɗai aka haifa ran Lahadi?"

Muna cikin haka sai ga Baba Ladi da sandarta. Tsohuwa ce Kirista, idonta ya yi rauni. Ɗanta ke zuba mata karatun a memori, da yamma matan ƙauyensu su zagaye wayar su saurara. Wayoyin iri ɗaya ne sak.

"Wane ne ya tafi da cocina?" in ji ta. "Na kunna wa matanmu a kasuwa, sai tafsiri! Mun dai ji har ƙarshe, malamin akwai murya."

Aka fashe da dariya. Malam Sani ya karɓi tasa, ya ce, "Sista, ki yafe ni." Ita kuwa ta juya, ta koma ɗakin awo.

Tun ranar nake rubuta suna da ƙauye. Ku kuma, in an shigo da ihu kan abokiyar aikinku, kar ku bari ta fita ƙofa kafin a yi tambaya.